Littafin Jarrabawa da Littafin Gadon Asibiti: Jawabi ga Ɗaliban Likitanci



Maganar wannan zama ita ce zaɓen abin karatu ga mai shirin jarrabawar neman izinin aikin likita, musamman sashen da ya fi kada mutane, wato tambayoyin da ake ginawa bisa labarin majiyyaci. A irin wannan tambaya ba a cewa ɗalibi ya lissafo alamomin cuta kaza. Sai a ba shi shekarun mutum, da abin da ya kawo shi asibiti, da zafin jikinsa, da sakamakon awon jininsa, sa'an nan a ce ya faɗi mataki na gaba. Cikin amsoshin da aka jera, biyu ko uku duk suna kama da gaskiya. Wanda ya haddace littafi amma bai koyi yanke shawara ba, a nan yake faɗuwa, kuɗin da dangi suka tara masa su bi ruwa.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, kowace jarrabawa da nata majiyyaci, kuma yana kwance ne a asibitin ƙasar da ta tsara ta. Likitan da ya fito daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, in ya nufi Faransa, zai tarar da gasar EVC, wadda ake yi wa masu takardar da ba ta Tarayyar Turai ba, kuma gurabenta ƙidayayyu ne. In Ingila ya nufa, PLAB ce, wadda kashinta na farko tambaya 180 ne cikin awa 3. A Amurka kuwa USMLE ce mai hawa 3. Tun Janairun 2022 aka daina ba da maki a hawan farko, sai dai ci ko faɗuwa, don haka nauyi ya koma kan hawa na biyu, wanda labaran majiyyata ne suka cika shi.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Iyakar sukarin jinin da ake ɗaukar mutum mai ciwon sukari in an auna shi bai ci komi ba, Bafaranshe yakan rubuta ta 1,26 g/L, Bature na Ingila ya ce 7 mmol/L, Ba'amurke ya ce 126 mg/dL. Awo ɗaya ne, rubutu uku. Tun 2017 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka maido iyakar hawan jini 130/80, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana kan 140/90. Ɗalibin da ya shirya wa gasar Faransa da littafin Amurka, zai ba da amsa mai kyau ga tambayar da ba a yi masa ba.

Saboda haka, kafin a sayi ko littafi guda, sai a nemi takardar da mai jarrabawar ya wallafa da kansa. Hukumar likitocin Ingila, GMC, ta fitar da jerin cututtuka da alamomin da take tambaya a kansu. Masu USMLE suna ba da samfurin tambayoyi kyauta a intanet. A Faransa, manhajar zango na biyu ta karatun likita tana da batu 367, kuma malaman kowane fanni suna da littafinsu na dogaro. Wannan shi ne ma'auni. Duk littafin da ya kauce masa, komi kyawun bangonsa, a bar shi a kanti.

Bayan wannan, abu biyu sun isa: rumbun tambayoyi guda, da littafin dogaro guda. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Masu shirin Amurka sun fi sanin UWorld da Amboss, kuɗinsu kuwa da dalar Amurka ake biya, shi ya sa sai an duba kafin a saki kuɗi. Rumbu na ƙwarai yana bayyana dalilin da ya sa kowace amsar kuskure ta zama kuskure, yana faɗin shekarar da aka gyara tambaya, yana kuma bari a yi gwaji da agogo. Ana fara amsa tambayoyi tun makon farko, ba sai an sauke littafi ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya nuna cewa wanda ya gwada kansa ya fi riƙe karatu bayan mako guda bisa ga wanda ya yi ta maimaita dubawa. Kowace tambayar da aka faɗi, a rubuta dalilin faɗuwar: rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin lura da wata kalma cikin labarin.

Abu na gaba shi ne shekarar bugu. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, farashin littattafan Faransa ya ninka, fotokofi ya zama gadon da manya ke bar wa ƙanne, sau da yawa ba tare da shafin da ke ɗauke da shekara ba. Ilimin likita kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsohon littafi zai ce kinin ne maganin farko ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amma a 2010 aka wallafa gwajin da aka yi kan yara 5425 a ƙasashen Afirka 9: cikin waɗanda aka yi wa allurar artesunat, kashi 8,5 cikin 100 suka rasu, cikin masu kinin kuwa kashi 10,9. A 2011 OMS ta sa artesunat a gaba. Mai tsohon fotokofi zai rasa maki a jarrabawa, a asibiti kuma yana iya rasa yaro.

A kuma yi hattara da tambayoyin sata da ke yawo a WhatsApp da Telegram, waɗanda ake cewa wasu sun tuno su bayan sun fito daga jarrabawa. Amsoshinsu ba wanda ya tantance su, kuma a 2024 masu USMLE sun soke sakamakon ɗaruruwan likitoci, akasari masu alaƙa da ƙasar Nepal, bisa zargin sun ga tambayoyi tun kafin ranar. Araha ba ta ado.

Sai dai littafin jarrabawa ba shi ne littafin gadon asibiti ba. Tambayar Amurka kan sanƙarau tana ɗauka cewa ɗakin awo da na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna nan kusa. Likitan da ke aiki a ƙauyen Damagaram cikin bazara, ga yara goma a jere da sandararriyar wuya, wani lissafi ne a gabansa. A Nijar ne aka yi gwajin 2003 da ya nuna allurar seftiriyakson guda tana aiki daidai da kuloramfenikol lokacin annoba. Bayan rigakafin da aka fara a 2010 ya karya nau'in A na ƙwayar cutar, OMS ta koma ga shawarar kwana 5 a 2014. Irin wannan sani yana cikin ƙa'idojin ma'aikatar kiwon lafiya, da littafin aljihu na OMS kan jinyar yara, da jagoran ƙungiyar MSF, da ePILLY Trop, waɗanda ake samu kyauta. Wanda ya tafi waje da wanda ya zauna gida, duka biyu suna bukatarsu.

Saura nauyin hukuma. Tun 2002 shirin Hinari na OMS ya buɗe wa jami'o'i da asibitocin ƙasashe matalauta dubban mujallun likitanci, amma ƙofa ba ta da amfani in babu wuta da intanet a ɗakin karatu. Kuma majiyyatan Maraɗi da Tawa, masu tamowa da ciwon sikila da taunar jini wajen haihuwa, sun isa a gina tambayoyi a kansu. Malaman da za su rubuta su suna nan a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Abin da ya rage shi ne ma'aikatun ilimi mai zurfi da na kiwon lafiya su ware kuɗin aikin, wakilan jama'a kuma su tambaye su inda aka kwana.

Allah shi ba da sa'a, shi sa ilimin ya amfani talaka.