Bayan An Rufe Akwati: Magana Kan Tarbiyyar Ƙananan Yara

Tunda an gama zubi an rufe akwati, ina roƙon kada kowa ta tashi tukuna. Maganar yau ta yaran nan ce da ke riƙe da bakin zanenmu, 'yan shekara biyu zuwa shida.

Kowace a nan ta san irin yaron da nake nufi. A ce masa zo, ya ruga. A hana shi abu, ya faɗi yana birgima. Ya ciji ɗan kishiya, faɗan yara ya koma na manya, a kwana uku ba a gaisawa a tsakar gida. Mukan ce ƙiriniya ce, ko taurin kai ya gado, sai a tsinko tsumagiya. Ranar farko ya yi shiru. Bayan wata guda bulala ɗaya ba ta isarsa, sai uku. Kafin ya kai shekara bakwai jikinsa ya saba, shi ma ya koma dukan ƙannensa, don abin da ya gani ke nan ana yi wa wanda aka fi ƙarfi. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma wadda ta taɓa saƙa kwando ta san a hankali ake lanƙwasawa, in aka yi da ƙarfi karyewa yake.

A ƙetare, ƙasar Benin ta kafa dokar yara a 2015 wadda ta hana dukan yaro, ko a gida ko a makaranta. To amma masu zuwa Segbana ta Tsamiya, da mutanen Lolo masu dangi can, kun fi ni sani: doka ba ta shiga ɗaki ta karɓe tsumagiya daga hannun uwar da ta gaji. Sai an ba uwa wata dabara da za ta riƙa a madadinta. Wannan shi ne aikin shirye-shiryen tallafa wa iyaye, kuma an gwada su an ga abin da suka haifar.

A ƙasar Jamaika, cikin birnin Kingston, wajen 1986 aka fara bin yara 129 da rashin abinci ya tsumburar da su, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu awa ɗaya kowane mako, har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa da gwangwani da tsumma, tana ƙarfafa ta ta riƙa yabonsa. Amfanin madarar ya dushe da suka girma. Amma da aka sake nemo su suna shekara 22, waɗanda aka yi wasa da su sun fi sauran ƙarancin shiga faɗa da ta'adi, kuma abin da suke samu a sana'a ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin ɗari.

Kada ku ce wannan can nesa ne. Nan maƙwabtanmu a jihohin Doso da Maraɗi, gwamnatin Nijar ta riƙa ba matan gidaje marasa ƙarfi sefa 10,000 duk wata, jika goma kamar yadda suke faɗa, har wata 24. A wasu ƙauyuka kuɗin kawai aka bayar. A wasu aka haɗa da taron gari, da zaman mata, da ziyarar gida-gida kan rainon yara. Da aka auna, kuɗi kaɗai bai sauya yadda ake rainon yara ba. Inda aka yi zaman, nan ne rainon ya sauya, halin yara da zamansu da mutane ya ɗan gyaru. Tsawo da nauyinsu dai ba su ƙaru ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu akwati: ko rabon ƙarshen shekara ya yi kauri, ba shi zai gyara halin yaro ba.

Me ake koyarwa a irin wannan zama? Akwai shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka mara wa baya, wanda aka fara a Afirka ta Kudu, zama 12 ga iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9. Suna kwatanta abin da ginin ɗaki: bango ake fara tayarwa kafin a ɗora jinka. Bangon shi ne shaƙuwa da yaro, jinkar ita ce doka da horo. Mu kuwa da jinka muke farawa.

Abu na farko, minti biyar kullum ke da shi kaɗai. Ba aike, ba faɗa. In tukunyar ƙasa yake ginawa, ki zauna ki ce, "A'a, tuwo ake yi? Wa za a ba?" Na san wata na cewa a ranta, ina na ga lokaci, ga gumin shinkafa, ga surfe, ga ɗiban ruwa? Ai lokacin da kike ɓatawa wajen bin sa da bulala ya fi minti biyar.

Na biyu shi ne mai wuya gare mu: yabo. An raine mu da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ma faɗa, balle mu yabe shi gaban surukuwa. Wata kuma tsoron baki take yi. Ban ce ki yar da kunya ba. Amma ki lura, in yaro ya zauna lafiya ba mai kallonsa, sai ya zubar da miya duk gida ke kiran sunansa. Yaro kuwa kulawa yake nema, in bai same ta da alheri ba zai nemo ta da ɓarna. Ba sai kin yi shela ba. Ki raɗa masa, ki faɗi ainihin abin da ya yi: "Na ga ka ba ƙanwarka ƙosai, madalla." In na fari ne kuma bakinki ya yi nauyi, ki shafa kansa, ki bar kaka ko goggo ta faɗa da baki. Gidan yawa yana da wannan amfani.

Sai umarni. "Ka bari!" daga bakin murhu ba ya gaya wa ɗan shekara uku abin da zai yi. Matso, durƙusa, ki ce, "Ajiye wuƙar nan, ɗauki ludayi." Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In birgima ce kawai ba ya cutar da kowa, kawar da kai har ya gama. Kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, nan ne yawancinmu ke karaya su miƙa alewar. In ya doki wani kuwa, a janye shi ya zauna gefe na ɗan lokaci, ko a karɓe abin da ake faɗa a kai. Kuma ku daidaita baki da maigida da abokiyar zama, don in ke kin hana kaka ta bayar, yaro ya gane ƙofar da zai bi.

Wani lokaci ba hali ba ne. Yunwa, tsutsar ciki da zazzaɓi duk suna sa rigima. Yaron da ya cika shekara biyu ba ya magana, ko ba ya waiwaya in an kira shi, ko yana suma, asibiti za a kai shi.

Ga shawarata. Irin wannan akwati namu, asalinsa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara ne da CARE ta fara a Maraɗi a 1991. Tsarin da shirin iyaye ke bukata muna da shi tuni: muna haɗuwa kowane mako, mun san gidajen juna, mun yarda da juna har da kuɗi. A ware kwata ɗaya na awa bayan rufe akwati. Mutum biyu su tashi, ɗaya uwa ɗaya yaro, a gwada, a yi dariya, a gyara. Abin da aka faɗa kan ɗan wata ya tsaya nan, kamar yadda ba ma kai maganar rancen juna kasuwa.

Aikin wannan mako ɗaya ne: minti biyar ɗin nan, da yaron da ya fi ba ki wahala. Mako mai zuwa bayan zubi kowace za ta faɗi yadda ta kaya, har da wadda abin ya gagara. Shugaba, in kin amince, magatakarda ta rubuta a littafi.