Zuba Lissafin Kaya Cikin Kwamfuta: Abin Da Ya Faru A Manchesta Da Birmingam

A birnin Manchesta ne, ranar 21 ga watan Yuni na 1948, wata na'ura da Freddie Williams da Tom Kilburn suka ƙera a jami'ar garin ta zama kwamfuta ta farko da ta yi aiki da umurnin da aka adana a cikinta. Yau kuwa, a unguwar Cheetham Hill ta wannan birni, inda 'yan sari ke da manyan sito na tufafi da takalma, da wuya ka sami mai shagon da bai miƙa lissafin kayansa ga jikokin waccan na'ura ba. To, maganar da za mu yi ta shafi ranar miƙawar ce, watau ranar da ake kwashe tsohon lissafi a zuba shi cikin sabuwar manhaja.

Galibi ana yin wannan da wani irin fayil da ake kira CSV. Ba wani abin mamaki ba ne: kowane layi kaya ɗaya ne, sa'an nan waƙafi ne ke raba sunan kayan da lambarsa da yawansa da farashinsa. Manhajar ba ta san atamfa ba, ba ta san shadda ba, waƙafi kawai take ƙirgawa. Idan akawu ya rubuta "atamfa, mai zinari" a gurbin suna, kuma ba a kewaye sunan da alamar zance ba, sai manhajar ta ɗauka an shiga gurbi na gaba, kome ya goce, yawan kaya ya koma gurbin farashi.

Lambobin kaya su ma suna da tasu rigimar. Zanen nan na layi-layi da ke jikin kwali yawanci lambobi 13 ne, waɗanda aka yi wa rajista a Birtaniya suna farawa da 50, na Nijeriya da 615. In aka buɗe fayil ɗin da Excel, yakan taƙaita doguwar lamba irin wannan, ya kuma share sifirin da ke farkon lamba, domin a wurinsa sifiri a gaba ba shi da amfani. Da an adana fayil ɗin haka, kaya goma masu bambanci na iya komawa lamba guda. Haka kwanan wata: 03/04 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Ga mai sayar da magani ko madarar gwangwani, wannan bambanci shi ne tsakanin kaya mai kyau da wanda wa'adinsa ya wuce.

Kada a zaci ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke faɗawa wannan rami. A cikin 2020, lokacin annobar korona, ɗakunan gwaji suna aika wa hukumar kiwon lafiyar jama'a ta Ingila sakamakonsu da fayilolin CSV, ita kuma tana zuba su cikin tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da takardar ta cika, sai sauran suka zube ba tare da kowa ya lura ba. Mutum 15,841 da suka kamu tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba a sa su cikin lissafi a kan kari ba, ba a kuma nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su da wuri ba. Da aka gyara, adadin Manchesta ya yi tsalle ya shiga sahun mafi yawa a Ingila. Abin lura shi ne na'urar ba ta yi ƙara ba, ba ta tsaya ba. Shiru ta yi, kuma a ganina shirun nan ya fi kowace ɓarna haɗari.

Labarin Birmingam ya fi wannan tsada. Majalisar birnin, wadda ke kula da mutane fiye da miliyan ɗaya, ta bar manhajar SAP ta koma Oracle a watan Afrilu na 2022. Wannan manhaja ta kuɗi ce da albashi da sayen kaya, amma ciwon iri ɗaya ne. Maimakon majalisar ta daidaita hanyoyin aikinta da sabuwar manhaja, sai aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima don ta bi tsohuwar al'ada. Sashen da zai daidaita kuɗin da suka shiga banki da littattafan majalisa ya kasa aiki, ma'aikata suka koma yi da hannu. Aikin da aka ƙiyasta kan fam miliyan 19, a 2023 an ce zai iya cin fam miliyan 100. A ranar 5 ga Satumba na 2023 majalisar ta ba da sanarwar cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Gaskiya ne babban dalilin shi ne bashin daidaita albashin mata da maza, wanda a lokacin aka ƙiyasta zai kai fam miliyan 760, amma majalisar da ba ta iya tantance abin da ke asusunta ba ta shiga wannan hali ne ido rufe.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke shirin irin wannan ƙaura, abin da zai yi ba ya bukatar miliyoyi. Ya fara ƙidaya kayan sito da hannu kafin a taɓa kwamfuta, a kuma yanke shawara tun farko ko da katan za a riƙa lissafi, ko da dozin, ko da guda. Ya ajiye tsohon fayil a wuri dabam. A zuba layi ashirin a gwada, a je sito a duba da ido. In an zuba duka, a ƙirga layukan da suka fita daga tsohon fayil da waɗanda suka shiga sabon, in 4,000 ne can, to, lalle a ga 4,000 nan kafin a buɗe shago.