Akwatin Wutar Kwamfuta: Yadda Ake Bambance Nagari da Na Banza



Bara waccan na raka wani ƙanena wajen mai gyara a nan birnin Katsina, ɗauke da kwamfutar tebur wadda ta ƙi tashi, alhali kundin bincikensa na shekarar ƙarshe yana ciki. Da aka buɗe ta, sai aka tarar akwatin wuta ne ya ƙone, ya kuma tafi da faifan ajiya. Wannan akwati, wanda masu gyara ke ce wa fawa fak, shi ne abin da zan yi magana a kansa yau, domin shi ne mafi ƙarancin samun kulawa wajen mai saye, kuma shi ne mafi yawan ɓarna idan ya lalace.

Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango mai ƙarfin bolt 230, ya sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda sassan kwamfuta ke iya sha. Kamfanin Intel ne ya shimfiɗa ƙa'idar wannan aiki a 1995, aka sa mata suna ATX. To, amma a ƙasarmu akwatin yana da abokan gaba uku. Na farko wutar kanta. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa 2013 da KEDCO ta karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kowa ya san wutar da ke hawa da sauka, ga kuma ta janareta. Na biyu zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Na uku ƙurar hunturu mai toshe fanka.

Yanzu sai mu ajiye akwati biyu a gabanmu, kowanne an rubuta masa wat 500, ɗaya mai araha, ɗaya mai tsada. Ina bambancinsu?

Da farko a duba takardar da ke manne a gefensa, a ga abin da yake bayarwa a layin bolt 12, domin nan ne ƙwaƙwalwar kwamfuta ke shan mafi yawan wutarta. Idan an rubuta amfiya 40, a ninka da 12, watau wat 480 ke nan, maganarsa gaskiya ce. Idan kuwa amfiya 18 aka rubuta, wat 216 ne kacal, komai girman lambar da ke kan kwali.

Na biyu, asarar wuta. Tun 2004 akwai shaidar da ake kira 80 Plus, mai tabbatar da cewa akwati yana miƙa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha. A ce kwamfuta tana bukatar wat 300. Mai kashi 80 zai sha wat 375, sauran 75 su zama zafi. Mai kashi 90 zai sha kimanin 333, zafinsa bai kai rabin wancan ba. Sai dai wannan shaida ta tsimin wuta ce kawai, ba ta ƙarko ba, kuma akan buga ta jabu.

Na uku, kafasito, ƙananan gwangwanayen nan masu daidaita wuta a ciki. Akwai masu jure zafin digiri 85, akwai na 105, irin waɗanda kamfanonin Japan kamar Rubycon da Nichicon suka yi suna da su. Injiniyoyi sun ce duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Ku auna wannan magana da ofishin da babu iyakwandishan a tsakiyar bazarar Katsina.

Na huɗu, kariya. Nagari yakan kashe kansa idan wuta ta yi yawa ko wayoyi sun haɗe, ya tsirar da sauran sassa. Yawancinsu kuma suna aiki daga bolt 100 har 240, saboda haka saukar wuta ba ta cika kayar da su ba. Na banza kuwa idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai.

Na biyar, garanti. Kamfanoni irin su Seasonic da Corsair suna ba wasu akwatunansu garantin shekara 10. Wanda ya ce maka in ka fita shago babu ruwansa, ai ya riga ya faɗa maka darajar hajarsa.

'Yan'uwa, da yawanku gobe ku ne za ku rubuta takardun sayo kaya a ma'aikatu da makarantu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka akwati ɗaya da ya mutu ana tsakiyar jarrabawa yana iya jawo wa ɗan talaka asarar shekara. Kada ku rubuta "kwamfuta hamsin" ku yi shiru. Ku faɗi irin akwatin wutar, da amfiyarsa, da garantinsa, sa'an nan ku sa a buɗe ɗaya a gabanku kafin ku sa hannu. Ku haɗa da sitabilaiza ko UPS, a riƙa kaɗe ƙura bayan kowane hunturu. Ɗalibi kuwa ya ajiye kwafin aikinsa a wuri biyu, gama ƙanen nan nawa sai da ya sake rubuta babi uku daga takardun hannu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.