Wasan labari da za a yi a kan tabarma ɗaya



Da yawanku kun kawo kuka cewa da yamma yara ba su da abin yi sai yawo bayan tantuna har duhu ya rufe. Shi ya sa yau zan yi muku bayanin wani wasa da ba ya cin kuɗi, ba ya neman fili. Ɗan'uwan tatsuniya ne, sai dai a nan masu sauraro su ne mutanen cikin labarin.

Irin wannan wasa ya yi suna a Amurka tun 1974, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Dokokinsa sun cika littattafai, wa ke da lokacin wannan? Daga baya wasu suka taƙaita su a shafi ɗaya, kamar Lasers & Feelings na John Harper a 2013. Tsarinsa na aro mana.

Babba ɗaya ne zai ja labarin. Yara uku ko huɗu, kowa ya zaɓi wanda zai zama: makiyayi, mai fura, malamar asibiti. Kowa kuma ya ɗauki lamba daga 2 zuwa 5. Sai babban ya ce, akuyar gwaggo ta ɓace ranar kasuwa, me za ku yi? In abin da yaro ya faɗa mai sauƙi ne, ya yiwu ke nan. In mai wuya ne, a jefa ƙwayar ludo. Aikin natsuwa, kamar bin sawun akuya, zai yiwu in abin da ya fito ya gaza lambar yaron. Aikin zuciya, kamar lallashin mai gonar da akuya ta yi wa ɓarna, sai ya fi lambar. In ya yi daidai, yaron zai yi tambaya ɗaya, a ba shi amsar gaskiya.

Na san wasu iyaye ba sa son ƙwayar ludo a gida. Ba caca ba ce, ba a sa komai, ba wanda ke cinye wani. Amma in ranku bai kwanta ba, ku rubuta 1 zuwa 6 a takardu, a zuba cikin hula a riƙa ciro.

Ga inda nake roƙonku ku kula. Yaranmu sun ga abin da bai kamata su gani ba. Kada ku sa bindiga ko gudun dare a labarin. In dabarar yaro ba ta yi ba, kada a kashe wanda ya zaɓa, a ce akuyar ta cinye masa hula, a yi dariya a ci gaba. In yaro da kansa ya kawo maganar hari, kada ku tsawata masa, ku saurare shi. In ya yi tsit ko ya fara kuka, a tsaya nan, a rarrashe shi. In abin yana dawo masa har cikin barci, ku kawo shi ofishinmu mu tattauna.

Yarinya mai kunya kuma, ku kira sunanta, ku tambaye ta me mai furarta za ta yi. Rabin awa ya isa, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.