Sunan Allah a Rantsuwar Tutar Amurka: Yadda Ya Shiga da Yadda Kotu Ta Bi da Shi



A yawancin makarantun gwamnati na Amurka, da safe yara kan miƙe su fuskanci tuta, hannun dama a ƙirji, su karanta alƙawarin biyayya ga ƙasa. A cikinsa akwai inda suke cewa Amurka ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Allah. A kan wannan ɗan gurbi takardata ta tsaya, domin ƙasar da ke sa yaranta faɗin haka ita ce kuma ta fi kowa tinƙaho da raba addini da gwamnati.

Kundin tsarin mulkinsu na 1787 ya hana a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙamin tarayya, gyaran farko na 1791 kuma ya hana majalisa kafa addinin gwamnati ko hana mutum yin nasa. Thomas Jefferson, a wasiƙarsa ta 1802 ga wasu 'yan cocin Baptist na garin Danbury, ya kwatanta wannan da katanga tsakanin coci da hukuma. Ko rantsuwar kama aikin shugaban ƙasa, yadda take a rubuce, babu sunan Allah a ciki. Roƙon taimakon Allah da muke ji suna ƙarawa a ƙarshe al'ada ce kawai.

Shi ma alƙawarin tuta haka ya faro. Francis Bellamy ne ya rubuta shi a 1892, albarkacin cika shekara 400 da isar Columbus nahiyar, kuma Bellamy tsohon fasto ne, amma bai ambaci Allah ba. Shekara 62 ana karanta shi a haka. Sai da yaƙin cacar baka ya yi zafi, Amurka na neman abin da zai bambanta ta da Tarayyar Sobiyet mai aƙidar gurguzu, sannan ƙungiyar Katolika ta Knights of Columbus ta fara matsa wa majalisa lamba. A watan Fabrairun 1954 wani fasto mai suna George Docherty ya yi huɗuba a Washington, Shugaba Eisenhower na zaune a cocin, ya ce alƙawarin nan ko yaran Mosko za su iya karanta irinsa ba tare da sun canza komai na kirki ba. Ranar 14 ga Yuni 1954 Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta ƙara sunan Allah. Siyasa ce ta shigar da shi, kuma masu yin abin ba su ɓoye ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya faru ne kafin wannan ƙari. A 1935, a garin Minersville na jihar Pennsylvania, aka kori wata yarinya Lillian Gobitas da ƙanenta William daga makaranta saboda sun ƙi sara wa tuta. Shaidun Jehobah ne, kuma a wurinsu sara wa ƙyalle bauta ce ga wanin Allah. Mahaifinsu mai kanti ne, mutanen gari suka ƙaurace wa kantin. A 1940 Kotun Ƙoli, alƙalai takwas cikin tara, ta ce makaranta na da ikon tilasta su. Hukuncin ya zama tamkar an saki kare: aka riƙa dukan Shaidun a garuruwa, aka ƙone musu wurin ibada a Kennebunk ta jihar Maine. Shekara uku kacal bayan haka, a shari'ar Barnette ta 1943, kotun ta janye maganarta, shida da uku. Mai shari'a Robert Jackson ya rubuta cewa babu jami'in gwamnati, babba ko ƙarami, da ke da ikon yanke wa jama'a abin da za su yi imani da shi a siyasa ko addini, balle ya tilasta musu furta shi. A lura da kyau, masu addini ne suka fara kai ƙarar rantsuwar nan, tun ba ta da sunan Allah.

Ƙarar marasa addini ta zo daga baya. Michael Newdow, likita a California, ya ce sa 'yarsa sauraron wannan kalma kullum a aji ya saɓa wa tsarin mulki. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, ƙasa ta ɗauki zafi, Majalisar Dattawa ta yi tir da hukuncin da ƙuri'a 99 ba hamayya. Da magana ta kai Kotun Ƙoli a 2004, sai ta zame: ta ce ba shi ke da riƙon yarinyar ba, don haka ba shi da hurumin shigar da ƙarar. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta nata ra'ayin daban, inda ta kare kalmar da cewa ambato ne na biki da al'ada, ba ibada ba ne, ba ya kuma nuna wani addini takamaimai.

Nan ne nake ganin mumini ya kamata ya fi Newdow damuwa. O'Connor ta kare sunan Allah a rantsuwar ne bisa hujjar cewa yawan maimaitawa ya cire masa nauyin addini. Mu kuwa mun san rantsuwa ba abin wasa ba ce: wanda ya rantse ya karya, kaffara ta hau kansa, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Wanda ya taso da wannan tarbiyya ba zai ɗauki hujjar O'Connor a matsayin nasarar addini ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Sashe na 10 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata, amma gabatarwar kundin ta kira Najeriya ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Allah, alƙawarin biyayya na 1976 da rantsuwar kama aiki duk da roƙon taimakon Allah suke ƙarewa. Ba na kiran a goge su, al'ummarmu ba za ta yarda ba, ni ma ban ga dalili ba. Roƙona ga malaman makaranta da masu tsara manufofi guda biyu ne: kada a hukunta yaron da imaninsa ya hana shi furta alƙawarin, sashe na 38 ya ba shi wannan 'yanci, sannan duk jami'in da ya dafa Alƙur'ani ko Baibul ranar kama aiki, a riƙa bin sa bashin abin da ya rantse a kai har ranar da zai sauka.