Agogon Kunna Inji: Abin Dubawa Kafin A Saya



Maganata a yau kan wata 'yar na'ura ce da masu gyaran wuta ke kira taima, watau agogon da ke kunna injin lantarki ya kuma kashe shi a lokacin da aka tsayar masa. Ana amfani da ita a majemun Challawa da masana'antun Sharada da Bompai, haka kuma a gidajen Hotoro masu famfon burtsatse. Ga ta ƙarama, ga araha, amma in aka zaɓe ta da ka, ita ce ajalin injin da ya ninka kuɗinta sau da dama.

Mai saye yakan ga an rubuta amfiya 16 a jikin kwali, ya tuna famfonsa mai ƙarfin doki ɗaya amfiya 5 ko 6 yake ja, sai ya ce shi ke nan. To, wannan lamba ta kaya irin su ƙwan fitila da dutsen guga ce. Inji kuwa, a daidai lokacin tashinsa, yakan fizgi wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ja in ya daidaita. Sa'an nan duk sa'ad da aka yanke masa wuta, sai tartsatsi ya tashi a bakin makunnin. Yau da gobe bakin ya narke ya manne, lokacin kashewa ya yi, inji na ta gudu. Tanki ya tumbatsa, ruwan rijiya ya janye, famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone.

Saboda haka a masana'antu ba a ɗora wa taima nauyin inji. Ita umarni kawai take bayarwa, kwantakta ke ɗaukar wutar, tare da na'urar da ke yankewa in inji ya fara jan wuta fiye da ƙima. A ganina maigidan Hotoro ma ya fi buƙatar wannan tsari, domin shi ba shi da injiniya a bakin aiki.

Saura batun ɗauke wuta. NEPA ta zo a 1972, PHCN ta gaje ta a 2005, rarraba wutar Kano ya koma hannun KEDCO a 2013, amma ɗaukewar na nan. Taima mai faifai, wadda wutar gida ke juyawa, tsayawa take yi cak in wuta ta tafi. In ta yi awa 4 ba ta dawo ba, famfon da aka sa wa ƙarfe 6 na safe sai ƙarfe 10 zai tashi. Ku nemi mai batir a ciki, ku kuma tambayi mai kanti awa nawa batirin ke riƙe lokaci kafin ku miƙa kuɗi.