KIƊA DA CIWON FARFAƊIYA: JAWABIN KWAMITIN LAFIYA A TARON ƘUNGIYA



 Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu a yau shi ne, a 'yan kwanakin nan an yi ta tura wani saƙo a waya wai an gano kiɗan da ke warkar da farfaɗiya. Wasu iyaye sun tare mu suna tambaya, ko za su iya dakatar da sayen magani su riƙa kunna wa yaro kiɗan, tunda kuɗin magani ya yi tsada. A gefe guda kuma akwai masu cewa ai kiɗa ne ma ke tayar da ciwon, don haka mai farfaɗiya kada ya kusanci gidan biki. To, jama'a, kowace magana a cikin biyun nan tana da ɗan tushe, amma an yi mata ƙari. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan, bari mu faɗi mene ne ciwon. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da wata 'yar wutar lantarki take aiki, da ita jijiyoyi ke aika wa juna saƙo. Idan wutar nan ta ɓalle gaba ɗaya ba bisa tsari ba, sai mutum ya faɗi yana karkarwa, ko ya ƙura ido ya yi shiru na ɗan lokaci bai san inda yake ba. In abin yana maimaituwa, shi ne farfaɗiya. Daga cikin masu jawo ta akwai wahalar haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da buguwar kai a haɗarin mota ko na babur, da sanƙarau. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum sama da 100,000 a Arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. A nan kusa da mu ma, marigayi Farfesa Osuntokun na asibitin koyarwa na Badun da abokan aikinsa sun bi gida-gida a garin Igbo-Ora, a sakamakon da suka fitar a 1987 suka samu kimanin mutum 5 a cikin kowane 1,000. Maƙwabtanmu Yarabawa warapa suke ce mata. Kun ga ke nan ciwon bai san ƙabila ba.

Yanzu ga maganar farko. Kiɗan da ake ta yaɗawa na wani Bature ne ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Mozart, wanda ya tsara shi a 1781 don a kaɗa da fiyano biyu. Masana sun ba shi lamba K.448. A 1998 wani likita a Cikago ta Amurka, John Hughes, ya kunna wa masu farfaɗiya 29 wannan kiɗa, yana auna wutar ƙwaƙwalwarsu da na'urar da ake kira EEG. A mutum 23 ya ga tartsatsin wutar ya ragu, har da wasu da ke kwance ba su cikin hayyacinsu. Daga baya likitoci a Taiwan suka gwada a kan yara, su ma suka ba da rahoton ragi. A 2020 a Toronto ta Kanada aka sa mutum 13 suna sauraren kimanin minti 6 na kiɗan kullum har wata 3, aka ce yawan faɗuwarsu ya ragu da kamar kashi 35 cikin 100. Abin lura shi ne, duk waɗannan mutanen suna ci gaba da shan maganinsu, ba wanda aka ce ya ajiye.

Sannan ba kowane kiɗa ne ya yi haka ba. A 2021 a birnin Brno na ƙasar Cek an gwada wa mutum 18 kiɗan Mozart ɗin da wani na Haydn, wanda zamaninsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya. Na Mozart ya rage tartsatsin, na Haydn kuwa, in aka haɗa su jimla, ƙara shi ya yi. A 2023 kuma wasu masana a Jami'ar Biyana suka tattara binciken da aka yi suka tace, suka ce mutanen da aka gwada sun yi kaɗan, tsarin gwajin ma da yawa bai inganta ba, don haka babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa kiɗan na magani. To kun ji inda maganar ta tsaya. Mutum 13 ko 29 ba su isa a yanke wa miliyan 50 hukunci ba. Wanda yake so ya saurara, ya saurara a hankali, ba kuɗi zai kashe ba. Amma wanda ya ajiye ƙwaya ya riƙe kiɗa, ya saki reshe ya kama ganye. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta tsayawa, kuma irin wannan tana kisa.

Sai magana ta biyu, wai kiɗa na tayar da ciwon. E, akwai wannan. Wani likitan Ingila, Macdonald Critchley, ya yi rubutu a kansa tun 1937. Akwai mutumin da in ya ji wata waƙa guda, ko wata murya, ko ƙarar ƙararrawa, sai ciwon ya tashi. Yawanci matsalar tana ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne, inda ji da tunawa da motsin zuciya suka haɗu, shi ya sa sau da yawa waƙar da ke taɓa zuciyar mutum ce ke tayar masa. Amma fa wannan nau'i yana da wuyar samu ƙwarai, ana ƙiyasta mutum 1 a cikin miliyan 10. Saboda haka mafi yawan masu farfaɗiya za su iya jin kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya a rediyo, ko fuji na maƙwabta, ba abin da zai same su.

To me ya sa muke ganin ana faɗuwa a gidan biki? Ku duba abin da ke tare da kiɗan. Bikinmu na kaiwa tsakar dare, ga lasifika an ƙure, har wanda bai je ba ma a layin ba ya barci. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Ga hidima, uwa ta shagala da girki, an manta ba a ba yaro ƙwayar dare ba. Ga yunwa da gajiya. Ga fitilun nan masu walƙiya da masu kiɗan zamani ke kafawa, waɗanda ke tayar wa kimanin mutum 3 cikin 100 na masu ciwon. Ga kuma ƙwayoyin da wasu samari ke haɗiya, irin su Tramadol, wanda shi kansa yana sa ko mai lafiya ya faɗi yana karkarwa. Sai a ɗora wa ganga laifi, alhali ga masu laifin nan a gefe.

A nan muna roƙon iyayenmu su saurare mu da kyau. Mun taso mun ga inda ake kaɗa garaya ko goge mutum ya faɗi, shi ya sa da yarinya ta faɗi a wurin kiɗa sai a ce iska ce ta hau. Daga nan sai hayaƙi, sai ɓoyo, sai a cire ta daga makaranta, in an zo neman aurenta a yi ta raɗe-raɗi. Shekaru su wuce ba a kai ta gaban likita ba. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. Kuma miyan mai farfaɗiya ba ya harbin kowa. Wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa kusa da murhu ko bakin rijiya don tsoron miyau, ya gudu a banza.

Ga abin da za a yi in wani ya faɗi. A janye wuta da duk abin da zai ji masa ciwo. A sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, in karkarwar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, haƙori kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa ko manja, balle jiƙon fitsarin saniya da ake ba yara a wasu gidaje a ƙasar nan, wanda likitocin Badun suka daɗe suna gargaɗin cewa guba ne. Kada a kara ƙafarsa a wuta. A duba agogo, in ya wuce minti 5 bai tsaya ba, ko ya sake faɗuwa kafin ya farfaɗo, a nufi asibiti.

Daga ƙarshe, kwamiti na da roƙo uku. Na ɗaya, duk gidan da ke da mai wannan ciwo a tanadi ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar da ya faɗi, da abin da yake yi, da abin da yake ji a lokacin, ko ya yi barci, ko ya sha magani. In da gaske wata waƙa ce ke tayar masa, littafin zai nuna, likita kuma zai ji daɗin aiki da shi. Na biyu, masu biki su rage lasifika in dare ya yi, su kashe fitilu masu walƙiya. Na uku, muna roƙon shugabanni su duba ko asusun taimakon ƙungiya zai iya ɗaukar kuɗin maganin marasa ƙarfi, don kada tsada ta sa uwa ta koma ga saƙon waya. Magungunan nan, irin su fenobabiton da Tegretol, likita ne ke zaɓar wanda ya dace, kuma mace mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa masa tun da wuri, don akwai wanda ba ya yi wa ɗan tayi kyau.

Mu baƙi ne a ƙasar nan, danginmu na nesa, maƙwabci shi ne ɗan'uwa na kusa. Duk mai tambayar da ba ya so ya yi a bainar jama'a, ya same mu bayan an tashi, za mu rufa masa asiri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu.